Kusar da ke narkewa a cikin ƙashi: me take yi wa ɗori?

 

A makon jiya wani makiyayi ya aiko mana da saƙon murya. Ya ce bijimi ya take ƙaninsa wajen lodi a kara, ƙwauri ya karye, likita ya duba hoto ya ce sai an sa ƙarfe. Suna cikin shawara sai wani ɗan kasuwa mai yawan zuwa Masar ya ce musu ai yanzu an daina wannan, akwai kusa wadda ake sawa ta narke da kanta, ba sai an sake farke mutum an cire ba. Shi ne yake tambaya: gaskiya ne? In ta narke ina take zuwa? Ba za ta cuci ƙashin ba? Kuma su jira har su samu irinta?

To malam, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ba ta son jinkiri: kada ku jira. Sauran tambayoyin kuwa sai mun ɗan zauna, domin ɗan kasuwar nan bai yi ƙarya ba, rabin labarin dai ya ba ku.

Ƙashin da kuke gani a bayan mahauta, fari fes, busasshe, gawar ƙashi ce. Wanda ke jikinka rayayye ne, jini na shiga yana fita, ga ɓargo a ciki, ga wani tantani mai ɗauke da jijiyoyi ya lulluɓe shi ta waje. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma babu wanda aka gama gininsa. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta iri biyu, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, suna aiki a kansa dare da rana. Na farko likitoci na ce musu ostiyokilas, mu kira su masu rusau, su ne ke ƙanƙare tsohon ƙashi. Na biyu ostiyobilas, mu kira su magina. Maginin yakan fara shimfiɗa wani zare mai danƙo, irin abin da ya sa ganda take da yauƙi in ta dahu, sa'an nan kalsiyam da fosfet daga cikin jini su zauna a kansa ya daskare. Kamar dai yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi gini: ciyawar ta hana tsagewa, ƙasar ta ba da tauri. Tsakanin rusau da gini, ana sabunta kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙasusuwan baligi a kowace shekara.

Idan ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani dunƙule mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa bakin biyu. Bayan haka magina su shigo su mai da shi ƙashi. Tsintsiyar hannu takan ɗauki wajen mako shida, ƙwaurin babban mutum wata uku zuwa huɗu ko fiye, na yara kuwa ya fi sauri. Ku lura da wannan da kyau: mai ɗorin gargajiya ba ya haɗa ƙashi, likita ma ba ya haɗa shi. Abin da kowannensu ke yi shi ne daidaita bakin karayar da riƙe ta kada ta motsa, har maginan nan su gama aikinsu da ikon Allah. Saboda haka duk abin da za a cusa a cikin ƙashi, tambayar farko ita ce, maginan za su iya aiki kusa da shi?

Ƙarfen da aka saba sawa, wato ƙarfe marar tsatsa ko taitaniyam, bai cika damunsu ba. Yana zaune ne kawai, yana riƙe. Amma yana da matsala biyu. Ta farko, ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba, sai ya ɗauke masa nauyin da ya kamata ya ɗauka. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta cewa ƙashi yana ƙara kauri inda ake ɗora masa nauyi, yana sirancewa inda aka sauke masa. Ai kun san san noma da ya shekara ba a sa masa garma ba. Ta biyu ita ce aikin cirewa, in ya zama dole: wani kuɗin, wata allurar barcin, wani kwanciyar, kuma ga wanda ya tsallaka iyaka aka yi masa aikin farko, wata tafiyar. Daga nan tunanin ya taso, a samo abin da zai riƙe ƙashi har ya warke, sa'an nan ya ɓace.

Tunanin ba sabo ba ne, kuma ku makiyaya kuna da hannu a ciki. Zaren ɗinkin da ke narkewa a jiki, na asali, daga hanjin tumaki da awaki da shanu ake yin sa. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus, ya yi bayanin ɗinki da zaren hanji fiye da shekara dubu da suka wuce. Wajajen 1970 aka fara sayar da zaren roba mai narkewa, kuma yau galibi matar da aka yi wa aikin haihuwa, da zare mai narkewa ake ɗinke mata ciki. Sai masana suka ce to, in zare ya yiwu, me zai hana kusa?

A 1984, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, wani likita mai suna Pentti Rokkanen da abokan aikinsa suka fara ɗaure karayar idon sawu da sandunan irin wannan roba. Karaya ta riƙa haɗewa, ba a sake yanka kowa don cire ƙarfe ba. Amma a wasu daga cikin marasa lafiyar, bayan wata biyu zuwa uku, lokacin da kowa ya ɗauka an gama, sai wurin ya kumbura ya yi ja, wani lokaci ya huje yana tsiyayar ruwa. Aka gwada ruwan, babu ƙwayar cuta. A hoto kuma aka ga ƙashin da ke kewaye da sandar ya ɗan zaizaye.

Me ya faru? Ga inda maganar take. Robar nan in ruwan jiki ya ratsa ta, takan wargaje ta koma tsami. Ɗaya daga cikin irin robar ma, da ainihin tsamin da ke mai da madara kindirmo ake yin ta, ana samo shi ta hanyar tsimar masara ko rake. Jiki ya san wannan tsami, yakan ƙone shi ya fitar da shi ta numfashi da fitsari, in dai kaɗan-kaɗan yake zuwa. Amma in sanda guda ta saki tsaminta cikin ɗan lokaci a wuri ɗaya, jini ba zai iya kwashewa da sauri ba. Su kuwa magina ba sa shiri da tsami ko kaɗan: aikinsu yakan ja baya, kalsiyam ya ƙi zama a kan zaren da suka shimfiɗa. Masu rusau kuma nan ne suke samun ƙarfi, domin su da ma da tsami suke narkar da ƙashi. Ka ga an kori magini an gayyato mai rusau. Ga kuma ɓarɓashin robar da ƙwayoyin tsaron jiki ke taruwa su haɗiye, wanda shi ke kawo kumburin.

Da aka gane haka sai aka koma ga nau'in robar da ke narkewa a hankali. Kumburin ya ragu sosai, amma ita kuma takan yi shekaru a jiki, kuma wani lokaci in ta tafi ba ƙashi ne ke cike ramin ba, tsoka-tsoka ce irin ta tabo. Shi ya sa yanzu masu ƙera ta kan gauraya ta da garin kalsiyam, don ya kashe tsamin ya kuma ba magina kayan aiki. Duk wadda ta taɓa jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa ta san wannan dabarar.

Tun da mun ambaci kanwa, sai mu zo ga wadda nake jin ita ɗan kasuwar nan ya ji labari, wato kusar maganisiyam. Wannan ƙarfe ne na gaske, fari, marar nauyi, kuma taurinsa ya fi kusa da na ƙashi a kan taitaniyam, don haka ba ya ɗauke wa ƙashi nauyinsa duka. Kuma ba baƙo ba ne a jiki. Baligi na ɗauke da kimanin giram 25 na maganisiyam, fiye da rabi a cikin ƙasusuwa, muna samunsa daga gero da wake da gyaɗa da ganye.

An gwada shi tun da daɗewa, aka sha wuya. Kimanin shekara 120 da suka wuce wani likitan Beljiyam, Albin Lambotte, ya ɗaure karayar ƙwaurin wani matashi da fallen maganisiyam, ya ɗaure fallen da kusoshin baƙin ƙarfe. Haɗa ƙarafa biyu daban a cikin ruwan gishiri, wanda shi ne ruwan jikinmu, kamar haɗa batir ne. Nan da nan fallen ya fara cinyewa, iska ta taru a ƙarƙashin fata, ƙafa ta kumbura, cikin kwana takwas aka kwashe guntayensa. Wannan da ire-irensa suka sa likitoci suka ajiye maganisiyam shekaru da dama.

Abu uku maganisiyam ke saki in yana narkewa, kuma kowanne da yadda yake taɓa magina. Akwai iska mai suna haidirojin. Giram ɗaya tak na ƙarfen nan, in ya narke duka, yana ba da iskar da ta kai kusan lita ɗaya. In ta fito a hankali, cikin watanni, jiki na shanye ta ba tare da ka sani ba. In ta fito da gaggawa sai ta yi kumfa tsakanin kusa da ƙashi, kuma magini ba ya gini a kan iska, sai ya samu inda zai manne. Akwai kuma sauya ruwan wurin zuwa ɓangaren kanwa, kishiyar abin da roba ke yi. 'Yar kanwa kaɗan magina na son ta, tana taimaka wa kalsiyam ya zauna, tana kuma rage wa masu rusau kuzari. Amma ku da kuke ba shanu kanwa kun san in ta yi yawa illa ce. Haka su ma ƙwayoyin, in ta yi ƙarfi mutuwa suke yi.

Na ukun shi ne ya dawo da masana ga wannan ƙarfe, wato shi kansa narkakken maganisiyam ɗin. Likitocin farko ma sun lura cewa duk da iskar, dunƙulen ɗori kusa da shi yakan fito da kauri. Gwaje-gwaje na baya sun nuna cewa in adadinsa ya ɗan ɗara na jini, magina sukan ƙaru, su manne da kyau, su yi aiki da himma. In ya wuce kima kuma sai ya hana kalsiyam daskarewa ya kuma kashe su. A 2016 masu bincike a wata jami'a a Hong Kong suka wallafa wani abu da ya ba ni sha'awa. Sun sa sandar maganisiyam a cikin ƙashin cinyar ɓeraye, suka ga narkakken ƙarfen yana ratsawa har zuwa tantanin nan na waje, jijiyoyin ji da ke wurin su ɗauke shi, su saki wani sinadari da ke umurtar ƙwayoyin da ke kwance su tashi su zama magina. Da suka lalata jijiyoyin, sai yawancin sabon ƙashin bai fito ba. Wato kusar ba riƙewa kawai take yi ba, har aike take yi a kira ma'aikata. Amma ku riƙe cewa ɓeraye ne fa. Abin da ya yi a cinyar ɓera ba lalle ya yi daidai haka a ƙwaurin mutum mai buhu a ka ba.

Haka ma gwajin da ake yi a cikin ɗan faranti a ɗakin bincike. Sau da yawa in aka zuba ruwan da maganisiyam ya jiƙu a ciki a kan magina, mutuwa suke yi, alhali ƙarfen nan in aka sa shi a jikin dabba lafiya lau. Dalili, a faranti ruwan tsaye yake kamar kududdufi, a jiki kuwa jini na gudu yana kwashewa, ƙoda na tacewa. Shi ya sa mai ciwon ƙoda dole ya faɗa wa likita kafin a sa masa irin wannan kusa.

Da aka koyi gauraya shi da wasu ƙarafa da tsarkake shi don ya rage saurin narkewa, sai ya dawo. A 2013 wata kusa mai suna MAGNEZIX, ƙirar birnin Hanoba na Jamus, ta samu izinin shiga asibitocin Turai, kuma an fara ne da gyaran karkataccen babban yatsan ƙafa. Koriya ta Kudu ta amince da tata a 2015. Amurka ba ta ba da izini ba sai 2023, ga wata kusa ƙirar Finlan. Ku dubi inda ake sa su: yatsu, tafin ƙafa, idon sawu, tsintsiyar hannu, ƙananan gutsattsarin ƙashi kusa da gaɓa. Robar ma haka, sai a ƙara da ɗaure jijiyar gwiwa da ƙasusuwan fuska da kan yara. Tsakiyar cinya da tsakiyar ƙwauri, masu ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya, har yanzu na ƙarfe mai ɗorewa ne. Dalilin a fili yake. Abin da ke narkewa ƙarfinsa raguwa yake yi kullum, kamar katakon da ake tokare dakin da shi amma gara na cin sa. In simintin ya kama kafin katakon ya gaza, madalla. In ɗorin ya yi jinkiri, kusar ba ta jira.

Akwai wani rukunin da ba riƙe ƙashi yake yi ba, cike gurbi yake yi, inda ƙashi ya ruɓe aka ƙanƙare ko wani yanki ya ɓace. Mafi tsufa shi ne farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi ta waje; tun 1892 wani likita a Jamus ya cike ramukan ƙashi da shi. Tsarkakakken nau'insa yakan narke cikin mako shida zuwa takwas ko makamancin haka, sau da yawa kafin magina su cike wurin, amma ana cakuɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta don ya riƙa sakinsa a cikin ƙashin da ke ruɓa. Akwai gilashi na musamman da Larry Hench ya ƙirƙiro a Jami'ar Fulorida a 1969, bayan wani kanar da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya koka masa kan yawan sojojin da ake yanke wa gaɓoɓi. Shi wannan in yana narkewa yakan yi wani ɓawo irin na ƙashi a bayansa, magina su hau su manne. Akwai kuma ƙashin saniya da aka ƙone aka wanke har ba sauran nama ko kitse, sai ma'adinin zalla da ramukansa, likitocin haƙori na yawan cike muƙamuƙi da shi. Shi kam a hankali ƙwarai yake tafiya, ana iya samun ragowarsa bayan shekaru. Wasu kayan irin wannan daga alade ake samo su, don haka tambaya ba laifi ba ce, in an faɗa maka sai ka nemi fatawa wurin malamai.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye, musamman masu zirga-zirga. Da yawanku a kan yi muku aiki a Kano ko Maraɗi ko Garwa, wasu har Alƙahira ko Indiya, sa'an nan a koma gida a ci gaba da ganin wani likitan a wata ƙasar, mai aiki da wani harshen. Kusar roba ba ta fitowa a hoton ƙashi, sai dai a ga raminta. Kusar maganisiyam kuma a watannin farko takan nuna baƙin inuwa a kewayenta, iskar nan ce, kuma galibi takan ɓace da kanta. Likitan da bai san abin da aka sa maka ba zai iya ɗauka ruɓa ce ko kusa ce ta saki, har a kai ga sake yanka ba gaira ba dalili. Don haka kada ka bar asibiti sai an rubuta maka sunan abin da aka sa, da ranar, da wane ƙashi. Da Turanci ne ko da Faransanci, ka ɗauki hoton takardar a waya, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, domin takarda a aljihun mai bin shanu ba ta kai damina biyu. In kuma wurin ya kumbura bayan watanni, ko ya fara tsiyaya, ko zazzaɓi ya zo, kada ka ce ai narkewa ce take yi. Likita ne kaɗai zai bambance kumburin narkewa da na ƙwayar cuta.

Maginan nan kuma akwai abin da ke hannunka game da su, ko wace irin kusa aka sa. Taba tana takure jijiyoyin jini ta rage musu abinci, mai shan taba ɗorinsa ya fi jinkiri kuma ya fi yawan ƙin kamawa. Ƙwayoyin nan na deksametason da ake saye a kasuwa don ciwon jiki ko don ƙiba, in aka daɗe ana sha, kai tsaye suke danne magina. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba shi ma haka. Nono da wake da ƙwai da kifi kuwa kayan gini ne. Sai kuma haƙuri da sanda: ranar da likita ya ce ka fara taka ƙafa, ka taka, don nauyi daidai gwargwado yana zaburar da su, kafin ranar kuwa, ko kasuwar Maigatari ce ke ci, a wakilta wani.

Mu koma kan mai tambayarmu. Malam, ban ga hoton ƙaninka ba, likitan da ya gani shi ne mai magana. Amma karayar ƙwauri irin wadda bijimi ya taka, ko a Jamus aka kai shi, ƙarfe mai ɗorewa za a sa masa. Kuma a wurin manya, sau da yawa ba a ma cire shi in bai dami mutum ba, sai ka tambayi likitan ko nasa na cirewa ne. In akwai rauni a fatar da ke kan karayar, kowace rana ta jinkiri dama ce ga ƙwayoyin cuta su shiga ƙashi. In kuma kafin ku yanke shawara an riga an yi masa ɗaurin gida, ku duba yatsunsa yanzu: in sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ba ya jin taɓawa, ko zafin na ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗaurin a kama hanyar asibiti a daren nan, kada a jira gari ya waye.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.